Reshen da Ya Tare wa Direkta Haske

A shekarun da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasar nan, kowa ya sami bakin magana, ni kuma na sami kyamara. Tsohuwa ce, ta hannu na saya a Maraɗi. A gidan rediyo nake aiki, amma duk hutun da na samu a ƙauyenmu na wajen Gangara nake yin sa, ina ɗaukar itatuwa da tsuntsaye.

Fim na da wuyar samu, shi ya koya mini jira. Na gane cewa in rana ta take tsaka ba ta bar wa hoto komai: sama ta yi fari fat, gindin itace ya yi baƙi ƙirin. Hasken kirki da sassafe yake zuwa ko bayan la'asar, ta gefe, yana fito da gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya. Na kuma daina dasa abin da nake ɗauka a tsakiya kamar hoton katin ɗan ƙasa. In tsuntsu na duban gabas, sai in bar masa fili ta gabas.

A gidan Inna, ƙanwar mahaifiyata, akwai tsamiya da shamuwa biyu ke sheƙa a kanta kowace bazara. Inna ba ta fitar da iri daga rumbu sai sun sauka, kuma babu wanda ya isa ya taɓa itacen. A shekarar sun zo da wuri, macen har ta kwanta kan ƙwai, wani babban reshe ya yi mata rumfa. Nakan tsuguna bayan rumbu tun kafin hantsi, domin a lokacin ne haske ke shiga ta ƙarƙashin reshen.

Ana nan sai ga taubashina, ɗan kawuna, direktan lakol, wato shugaban makarantar boko, a Cadawa. Bai daɗe da shiga jam'iyya ba, ya ƙara tumbi da murya. Ya sauka daga motar jam'iyya da azahar, sabuwar kyamara mai dogon baki na lilo a ƙirjinsa. Ya karanta wani littafin Faransanci kan ɗaukar hoto, ko dai farkonsa.

"Kai bawana," ya ce mini, "an ce kullum kana tsugune bayan rumbu kamar mai ciwon ciki. Ina hoton?"

"Ranka ya daɗe, kwana ka yi. Gobe da safe haske zai shiga da kansa."

"In kwana don tsuntsu? Ina da taro a Gazawa."

Ya ɗaga kyamara ya leƙa, ya ja baya, ya yi tsaki. Ya ce littafi ya faɗa a fili, abin da za a ɗauka ya zama cikin haske, a kawar da duk abin da ya tare shi. Ya kira direban motar ya ce ya ɗauko gatari.

Inna ta fito daga ɗaki da sauri, ɗankwali a hannu.

"Ɗan nan, me za ka yi?"

"Gwaggo, reshe ɗaya ne kawai. Zan sa tsuntsunki a bangon buro, manya su gani."

"Manyan su zo su gan ta a nan. Kan ƙwai take."

Na ce masa ko an sare reshen, ranar azahar za ta ƙone hoton, fari da baƙi kawai zai samu. Ya dube ni yadda yake duban ɗalibin da ya yi masa gyara a gaban baƙi. Na tuna masa da masu tsaron daji da ke cin tarar duk wanda ya sari itace. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Wancan zamanin soja ne. Yanzu ƴanci aka samu."

Direban ya dubi Inna, ya dubi maigidansa, ya hau. Tun saran farko shamuwar ta tashi. Da reshen ya karye bai faɗi inda direkta ya nuna masa da yatsa ba, ya shafi gefen sheƙar ya karkatar da ita. Muka ji ƙwai sun fashe a kan turmi. Shi kuwa yana ta danna kyamara yana cewa, "Yauwa, ga haske!"

Inna ba ta yi masa baki ba. Ta ɗauko toka ta rufe wurin, ta koma ɗaki, ko ruwa ba ta ba shi ba.

Daga baya na ga hoton a buronsa, wato ofishinsa, cikin gilashi. Sama fara fat, a tsakiyarta wani baƙin abu kamar tsumman da iska ta ɗauka. Yana nuna wa baƙi yana bayanin saurin hannu.

Tsuntsayen sun yi ta kewaya gidan har yamma, washegari ba a gan su ba. Da bazara ta zagayo shamuwa suka dawo ƙauyen, suka sauka kan wata kuka a wani gida da ke bakin gari. Inna ta riƙa takawa can da sanda tana tambayar matan gidan ko sun fara sheƙa, sannan ta dawo ta buɗe rumbu.