Darar Kawu a Waya Mai Maɓalli

Ko me zan manta a sana'ata ta haɗa wasannin waya, ban da ranar da muka je sanar da Kawu za mu kashe masa dara.

Ni da abokina muka haɗa wasan darar bayan mun gama kwaleji a Bici. Don manyan wayoyin shafawa muka yi shi, amma ni da rigima na dage sai mun yi wa ƙanana masu maɓalli nasu, irin masu hawa intanet da dattawan ƙauyenmu ke riƙewa. Tsarin da ke tafiyar da su daban ne, komai sai an yi sau biyu. Ka gyara nan, can ya ɓalle. Masu wasa a kansu ba su taka kara sun karya ba, amma wajen ƙorafi sun fi kowa. Kuma dattijo ba ya turo saƙo. Da kansa zai zo a keke, a shimfiɗa tabarma, a gaisa har a tambayi damina, sannan ya ce, "Abin naku ya ƙi motsi."

Abokina ya gaji, kuma da gaskiyarsa, don sabon wasanmu ya tsaya cak. Ya ce ko mu rufe na masu maɓalli, ko kowa ya kama gabansa. Na yarda ba da son raina ba. Muka ce ladabi ne mu fara gaya wa Kawu, yayan mahaifiyata, tunda shi ne uban masu ƙorafin.

Muka same shi da hantsi a zaure, ya miƙe ƙafar da ta daɗe da hana shi zuwa dandali, waya a hannu, yana dariya shi kaɗai. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Ku zauna ku ga ikon Allah! Tsohon nan na Ungogo tun muna samari yake cinye ni. Yau na kama shi!"

Ashe amininsa ne, shi ma tsufa ya zaunar da shi, kullum bayan karin kumallo sai su haɗu a wasan. Kawu ya danna, ya ci. Sai ga kira, tsohon yana rantsuwa wayarsa ce ta cuce shi. Kawu har da hawaye don dariya. Da ya natsu ya ce, "To, me ke tafe da ku?"

Na kalli abokina. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaisuwa ce kawai, Baba. Babu inda wasan yake ba ku matsala?"

"Yauwa, da ma akwai!" in ji Kawu, ya gyara zama.

Sai da muka kai bakin titi abokina ya buɗe baki: "Ba za mu rufe ba. Duk Asabar ta zama ta gyaran na masu maɓalli. Amma kai za ka riƙa sauraron ƙorafin."

Sabon wasan ya makara, har yau kuma aikin yana cin lokacinmu. Amma na koyi cewa kafin ka yanke abu don masu amfani da shi kaɗan ne, ka taka ka je ka ga abin da yake yi musu.