An Ce Maigidana Ne Ya Hana

Muna zaune a Sri Petaling, wata unguwa a babban birnin ƙasar 'yan Malay, na gama rubuta littafina na farko da Turanci. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, ni kuwa aikina kai yara makaranta da girki, sai rubutu a kan teburin cin abinci kafin su dawo su cika gidan da surutu, rabi Turanci rabi yaren Malay. Labarin wata mata ce a Kano da ta gāji shagon ɗinkin mahaifinta, ta gāji rigimar ƙannensa tare da shi.

A gida na san yadda ake yi, don na taɓa fitar da littattafai da Hausa. Ka rubuta, ka kai maɗaba'a, ka raba wa masu shaguna, ko ka riƙa sakin labarin a waya babi-babi. Manyan kamfanonin ɗab'i na ƙasashen waje kuwa ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci. Sai ta hannun ejan, wato wakilin da zai karanta aikinka, in ya yi masa ya taya ka gyara, ya kai wa editoci, ya yi ciniki a madadinka. Samun ejan ɗin shi ne wahalar. Za ka aika masa gajeren bayani a kanka, da taƙaitaccen labarin, da babukan farko, sannan ka zauna jira. In ya so, ya nemi cikakken littafin. Yawanci ko amsa ba sa bayarwa. Waɗanda suka amsa mini duk bakinsu ɗaya: sun gode, amma aikin bai dace da su ba.

Ana cikin haka na haɗu da Anti a wajen wani suna. 'Yar Zariya ce, ta girme ni sosai, tana koyar da Turanci a wata kwaleji mai zaman kanta, iyalinta duk suna gida. Da ta ji ina rubutu sai ta jawo kujera kusa da ni, muka manta da taron. Ita ma marubuciya ce, kuma ta riga ta samu ejan, wata Baturiya a Landan da ke ta zaga wa editoci da littafinta, ko da yake ba a kai ga saye ba. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsallake wannan ƙofar ido da ido ba sai ranar.

Muka shaƙu. Takan zo gidanmu ranar Asabar, in tuƙa tuwo da miyar kukar da ake aiko mana, ta ci ta yi guzuri da saura. Yarana suna kiranta Anti kamar yadda nake kiranta. Ta karanta littafina daga farko har ƙarshe, ta gyara mini wurare da yawa, kuma har yau ban ce gyaran nata bai yi amfani ba.

Ita ta kawo maganar da kanta. Muna zaune a mamak ɗin ƙasan gidanmu, irin wuraren cin abincin nan na Indiyawa Musulmi, muna shan shayi, ta ce, "Ƙanwata, ki daina wahalar da kanki. Turo mini babukan farko, ni zan miƙa wa ejan ɗina. Abin da ya zo ta hannun marubucinsu shi suke fara dubawa."

Na ce, "Anti, ba zan ɗora miki nauyi ba?"

"Wane nauyi? Amma ki dakata da aika wa wasu. Ba sa son su ji abu yana yawo hannu-hannu."

Na dakata. Jerin sunayen da na sha wahalar tarawa na ajiye shi gefe. Watanni suka yi ta wucewa. In na tambaya, Anti ta ce matar tana karantawa, ko ta yi tafiya, ko aiki ya yi mata yawa. Har na fara jin kunyar tambaya, don kada in zama mai naci a kan alfarmar da aka yi mini. Shekara ta kusa zagayowa ban aika wa kowa ko shafi ɗaya ba.

Wata rana na ga sanarwa a waya cewa wani kantin littattafai a Bukit Bintang, can tsakiyar gari, zai karɓi baƙuncin wata ejan, za ta yi wa masu son rubutu bayani. Na duba hoton da sunan, ejan ɗin Anti ce. Na kira Anti cikin murna. Ta ce, "Ai na sani. Ba sai kin je ba, cinkoso ne kawai. Ni ma zan raka ɗalibai wani gari. In ta huta zan haɗa mu zama na musamman."

Na gaya wa maigidana na fasa zuwa. Ya ce, "Mutum ya taso daga Landan ya zo har garin da kike, ki ce ba za ki je ki gaishe shi ba? Shirya kawai, ni zan riƙe yaran."

Ya bar aikinsa na ranar, muka hau jirgin ƙasa, muka sauya zuwa wani mai bin dogo ta saman tituna har tsakiyar gari. A ƙofar kantin ya karɓi jakar kayan yara daga hannuna, ya ja su wajen masu sayar da askirim.

Bayan an gama jawabi na bi layi. Da na iso gabanta na faɗi sunana, na ce ni ce ƙawar marubuciyarta 'yar Najeriya, mai labarin shagon ɗinki. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta miƙe, ta kama hannuna biyu, ta ja ni gefe bayan wata kantar littattafai.

Ta rage murya ta ce, "Ke ce? Lafiya kike? Ya san kin zo nan?"

Na ce, "Wa?"

"Mijinki."

Ban gane ba, na tsaya ina kallonta. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ta ce babukana sun iso mata tun tuni, ta karanta su a zama ɗaya, ta nemi cikakken littafin nan take. Sai Anti ta amsa mata cewa mijina ya gano ina rubutu ya hana, ya ce ba za a buga ba. Ta kuma roƙe ta kada ta neme ni kai tsaye, don saƙo ɗaya zai iya jawo mini fitina a gida. Ta ce abin ya daɗe yana damunta, har ta ba abokan aikinta labarina.

Na juya na kalli waje ta gilashi. Ga shi can zaune a kan benci, jakar yara a kafaɗarsa, yana goge wa ƙaramar baki da hankici. Na nuna mata shi na ce, "Ga mijin nawa can. Shi ya kawo ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ba ni haƙuri ya fi a ƙirga, ta ce in turo mata littafin da kaina. Na yi godiya na fito.

A jirgi ya tambaye ni yadda aka yi, na ce sai mun je gida. Da na gaya masa bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ni? Ni ta ce?" Mutumin da ya sha ɗauko Anti daga filin jirgi, ya sha gyara mata kwamfuta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a can wata ƙasa akwai mutanen da bai sani ba, sun zauna sun yi hirarsa a matsayin azzalumi, kuma ba wanda ya yi shakka, don abin da suke zato game da mazanmu ke nan tun asali.

Bayan 'yan kwanaki na nemi Anti mu haɗu a unguwar Brickfields, a wani gidan abinci da muka saba zuwa, inda ake zuba shinkafa a kan ganyen ayaba. Ta iso da fara'arta. Na bari ta zauna, sannan na ce, "Anti, na je taron. Mun yi magana da ita."

Ta sauke idonta kan ganyen. Ba ta musa ba. Ta ce da zuciya ɗaya ta tura, Allah ya sani. Amma da matar ta karanta sai ta kira ta tana ta yabo, har tana lissafa editocin da za ta kai wa, kuma su ne dai waɗanda nata littafin ke hannunsu.

"Kin san mutanen nan," in ji ta. "Mace ɗaya daga Arewa ta ishe su. In sun ɗauki naki, nawa ya mutu. Na fi ki shekaru, na daɗe ina jira. Cewa na yi bari nawa ya fita, sai in gyara maganar."

Na ce, "Da kin ce mini ba za ki iya ba, ai da na ci gaba da nemana."

"Na ji kunya."

"To me ya kawo Baban yara ciki? Me ya yi miki?"

Ta juya cokali a hannunta ta ce, "Shi ne dalilin da na san ba za ta yi tambaya a kai ba."

Na jira in ji ko za ta ce in yafe mata. Sai ta ce, "Don Allah kada ki bari maganar nan ta ɓata tsakanina da ejan ɗin." Na tashi, ban taɓa abincin ba.

Ejan ɗin ta karanta littafin, ta aiko mini da amsa mai tsawo. Ta ce har yanzu tana son sa, amma bayan abin da ya faru ba za ta iya riƙe mu biyu ba, kuma ta riga ta yi alkawari da Anti. Ta haɗa ni da wata abokiyar aikinta. Wannan ta sa na sake rubuta kusan rabin littafin kafin ta yarda ta ɗauke ni, lokacin maigidana yana dab da kammala karatu. Har yanzu tana nema masa kamfani. Na Anti ya fita, na ga hotonsa a waya, ban saya ba.

Kafin mu dawo gida mun sake haɗuwa a taron Sallah na 'yan Najeriya. Yarana suka ruga suka rungume ta, don ban gaya musu komai ba. Ta gaishe ni, na amsa, ta tambayi maigida, na ce yana lafiya. Wata maƙwabciyata da ta lura ta matso ta ce, "Ke da Antinki lafiya kuwa? Kwana biyu ba na ganinta a gidanku."

Na ce aiki ne ya yi mata yawa, na ci gaba da zuba wa yara abinci.