Turaren da Ban Ji Ƙamshinsa Ba

Na shiga jami'a ina da jika biyu. Boko ban fara shi ba sai da na aurar da 'yata ta fari, a ajin manya na yamma a unguwar Sukra, nan garin Sabha. Daga nan na yi ta jan ƙafa har na zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Inna suke ce mini. Ba na raga wa kowa, su ma sun sani.

Shekarar korona, da aka sake buɗe makaranta don jarrabawa, kowa da yadda ya ɗauki abin. Samari suna cewa zafin Sabha ya fi ƙarfin kowace cuta. Kamama, wato takunkumin baki da hanci, a haɓa suke rataye ta. 'Yan matan ajinmu kuwa suka fito da tasu dabarar. Sun ji an ce mai cutar ba ya jin ƙamshi, sai suka kafa doka: kafin a zauna bita, kowace sai ta shinshina turare. Wadda ba ta ji komai ba ta koma gida.

Mai riƙe da kwalbar wata yarinya ce daga unguwar Hajara. Kakanninta mutanen Damagaram ne, don haka da Hausa muke hira. Ita ke zama da ni tana warware mini abin da malam ya wuce da gudu. Babanta na da ciwon sukari, shi ya sa ta fi kowa tsanani. Kamama biyu take sawa, ba ta shan shayi a kofin kowa.

Saura kwana uku jarrabawa, na buɗe gwangwanin daddawa zan kaɗa miya, ban ji komai ba. Na cusa hanci har ciki. Daddawa fa. Na san abin da ke nan, ba zan ce ban sani ba. Amma jikina garau, kuma in na zauna gida shekara guda ta tafi, ni kuwa ba ni da shekarun zubarwa.

Washegari yarinyar ta miƙo mini kwalbar. Kullum turaren wardi ne, na riga na sani. Na ja numfashi, na yatsine fuska, na ce wannan wardin nata ya ishe mu, ko babu wani a kasuwa ne? Suka yi dariya. Muka duƙa kan littafi ɗaya ni da ita. Ina ta cewa ta maimaita, ba na jin ta, har na ce mata ba a yi wa babba magana da baki a ɗaure kamar buhun gero. Sai ta sauke kamamar tata duka biyun. Wannan ma ni na sa.

Na ci jarrabawa. Ita ba ta rubuta ta ƙarshe ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi. Babanta bai tashi ba.

Na sha gaya wa kaina cutar ta cika gari a lokacin, ko a layin burodi za ta iya ɗauka. Wataƙila haka ne. Zancen dai bai taɓa zauna mini ba.

Na tafi unguwar Hajara gaisuwar rasuwa, na ƙudura zan faɗa mata. Tana hango ni ta fito bakin ƙofa, ta ɗaga hannu.

"Inna, tsaya daga nan. Ke babba ce, kar ki ɗauka a wurinmu."

Ta ce ta bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, ta rasa inda ta yi sake. Ta ce ta zubar da turaren, gwajin banza ne, tunda duk wadda ta zauna kusa da ita ta ji ƙamshi.

"Ni na kai masa, Inna. Ban san daga ina ba, amma ni ce."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ta ce amin, ta gode da na tako. Ta roƙe ni in wanke hannu da sabulu da zarar na isa gida.