Ranar Da Aka Yi Wa Kwata Wanka

"To wa ya ce ku zuba?" in ji Mai-Guga.

"Wa kuwa zai ce? Ni na ce," in ji Ciyaman, yana gyara zaman hula. "Jarka huɗu ta bilic, Yaya, tun daga bakin kasuwa har nan. Shaƙa ka ji. Kai ka ce ɗakin tiyata ne."

Mai-Guga ya shaƙa. Ya leƙa ƙarƙashin kwalbatin, inda ruwan unguwa duka yake haɗuwa kafin ya gangara rafi. Ruwan da ya sani baƙi ƙirin ya koma fari-fari, yana kumfa, har ido yake yi wa yaji. Ya dire kular ƙanƙararsa, ya dubi mijin ƙanwar tasa tun daga hula har takalmi. Wai wannan ne shugaban kwamitin tsaftar unguwa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai-Guga yana wannan aiki. Da can yasar kwata yake yi, sai wata jami'ar lafiya ta lura ya san hanyar kowane ruwa a unguwar, ta ɗauke shi. Sau ɗaya a wata, da safe, lokacin da gidaje suke sakin ruwan bayan gida, yakan sa safar hannu da takalmin roba, ya zura guga da igiya, ya cika kwalba ɗaya ta mazurari, ya rufe, ya rubuta rana da wuri. Kwalbar ta shiga kula, kula ta shiga motar ƙarfe goma, daga nan sai jirgi, sai wani ɗakin gwaji a wata ƙasa. A can ake duba ko ƙwayar shan inna tana yawo a cikin mutane, a gwada da kwalaben da wasu masu guga irinsa suka aiko daga nasu ƙasashen. Bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma yakan ce da su abokan aiki.

'Yan unguwa kuwa toshe hanci suke yi in ya gifta. Bai damu ba. Yana ɗan shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ƙafar hagu ta shanye, ita yake ja har yau. Saboda haka in mai ƙafa biyu lafiyayyu ya tsaya yi masa bayanin cuta, ji yake kamar ana buga gwangwani.

"Ka san mutunci kuwa?" Ciyaman ya ci gaba. "Kullum ka ɗebi ƙazantarmu ka aika wa baƙi su yi ta kallo. Me za su ɗauke mu? Wannan karon dai su ga ruwan mutanen kirki."

"Ai ba gasar kyau ake yi ba, ranka ya daɗe."

"Kar ka yi min baƙar magana. Jiya a taro na ji an ce an samu cutar a ƙasar maƙwabta. Can ta matse musu! Kowa ya ji da kwatarsa. So kake a ce mu ma muna da ita, a rubuta sunan unguwata?"

Unguwarsa! Mutumin da bai taɓa sanin inda ruwan wankansa yake bi ba. Mai-Guga ya nuna masa bayan kasuwa da haɓa.

"Manyan motocin da suke kwana a tashar can, daga ina suke zuwa?"

"Daga ƙetare mana."

"Direbobin fa, a can suke baro cikinsu kafin su tsallako iyaka? Ko akwai jami'in da yake tambayar ciki fasfo?"

Mai shagon faci da ke gefen kwalbatin ya tuntsure da dariya. Ciyaman ya harare shi.

Mai-Guga bai yi dariya ba. Jikarsa, 'yar ɗansa na fari, watanta bakwai, yanzu ta fara rarrafe a tsakar gida, kuma duk abin da hannunta ya taɓa baki yake zuwa. Gidan nasu bango ɗaya ne ya raba shi da tashar. In ƙwayar ta shigo kuma kwalba ta faɗa, cikin 'yan makonni za a kawo ƙarin maganin rigakafi daga waje, a bi gida-gida ana ɗiga wa yara. In kuwa kwalba ta tafi da bilic, wanda yake kashe ƙwayar, can za su duba su ga ba komai, su rubuta lafiya lau, kowa ya miƙe ƙafa. Sai ranar da wani yaro ya tashi daga zazzaɓi ya kasa tsayuwa.

"Cika kawai ka wuce, Yaya," in ji Ciyaman, murya ƙasa-ƙasa. "Ruwa ai ruwa ne. Wa zai sani?"

"Ni."

Ya ciro waya ya kira jami'ar, ya faɗa mata abin da aka yi, ba ƙari ba ragi. Ta yi salati, ta ce ya haura sama da inda aka fara zubawa, wajen magudanar bayan tasha, ya ɗiba a can, ya rubuta dalili a fom. Mota dai ba za ta jira kowa ba.

Ya zaro fom ɗin ya ɗora a kan murfin kula.

"Me kake rubutawa?"

"Abin da ya faru. Jarka huɗu ka ce ko biyar?"

"Haba Yaya! Har ƙasar waje za a karanta fa. Ka dubi zumunci. Me zan ce wa ƙanwarka?"

"Ce mata ka yi suna. Ba shi kake nema ba?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya duba agogo. Tara saura kwata, kuma tafiyar akwai hawa. Ya saɓa igiya a kafaɗa, ya ɗauki guga a hannu ɗaya, kula a ɗayan, ya bi gefen kwatar ya nufi tasha yana jan ƙafa.