Tudun da Na Zaɓa wa 'Yata

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran mutane a wannan shafi, a hankali nake karatuna don sai da na girma na koyi boko a ajin manya. Yau na ce bari ni ma in sauke abin da ke cina, ko wata uwar za ta ji ta kiyaye. Ba zan faɗi sunana ko sunan garinmu ba.

A lokacin da abin ya faru ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ba abin da ta tsana irin fita. Muna zaune a wani ɗan tudu cikin fadamar kogin Haɗeja, ta wajen Guri, gida tara ne duka garin. Da rani babur yana zuwa har ƙofar gida. Idan damina ta nutsa kuwa, sai ruwa ya zagaye mu, mu koma tsibiri wata uku ko fiye, ba shiga ba fita sai a kwalekwale. Ni ban taɓa ganin wannan abin damuwa ba ne. Ga kifi a bakin ƙofa, ga shinkafa a rumbu, ga awakina da kajina. Maigidana yakan tsokane ni ya ce ko kasuwar Haɗeja aka ɗauko aka ajiye mini a bayan danga, sai na aiki wani ya leƙo mini. Abokin zamana rediyo ne, yana rataye a jikin rumfa. Duk abin da na ji sai na maimaita wa matan gari da irin muryar mai faɗarsa, har suka sa mini suna gidan rediyo.

Wata rana ina tsince shinkafa aka yi wani shiri a kan ƙasashen da ke tsakiyar teku. Mai shirin ya kwatanta tsibirai biyu. Ɗaya ƙasa ce guda mai girman gaske, da birane da jiragen ƙasa da manyan asibitoci, har ana iya haifar mutum a cikinta ya tsufa bai taɓa ganin bakin ruwa ba. Ɗayan kuma ɗan mitsitsi ne can a ƙuryar teku, sunansa ma bai zauna a bakina ba. Mutanensa ba su wuce na ƙaramin ƙauye ba, kowa ya san kowa, ba ɓarawo, ba a kulle ƙofa, sai jirgin ruwa ya zo jefi-jefi ya kawo musu kaya. Na ajiye faifai na ce ai wannan mu ne. Sai mai shirin ya ƙara da cewa a can idan mace tana da ciki ba a jira watanta ya kama, tun da sauran lokaci ake sa ta a jirgi a kai ta babbar ƙasa ta haihu, don idan abu ya rikice ba mai kawo musu ɗauki da wuri. Wannan kam dariya na yi masa. Da yamma na ba mata labari, na ce ku ji mutane, Allah Ya ba su wuri mai albarka amma sai su kwashi 'ya'yansu su kai wa baƙi su karɓi haihuwa. Muka yi ta shewa.

'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa saboda kunyar ɗan fari irin tamu, tana aure a wani babban tudu da bai kai tafiyar awa guda a babur ba idan rani ne. Shi ma ruwa yana zagaye shi da damina, amma tudu ne mai faɗi. Akwai unguwanni da kasuwa da makaranta, akwai ɗakin shan magani da malamar asibiti da ke zaune a garin, akwai kuma jirgi mai inji da ke kai mutane bakin titin Haɗeja. Ni dai garin bai taɓa kwanta mini ba. Hayaniya ta yi yawa, kuma za ka gaida mutum ya amsa bai san ko kai ɗan wa ba ne.

Cikinta na fari ya shiga wata bakwai daidai lokacin da damina ta fara nauyi. A al'adarmu haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, yarinya ta dawo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wankan jego har arba'in. Tun da rani nake tara itace. Na sayi sabuwar tukunya, na ajiye kanwa da gero na kunu. Ana cikin haka sai uwar mijinta ta zo da kanta, tun hanya ba ta yanke ba. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta ce mini 'yar'uwa, magana ce ta kawo ni. Malamar asibiti ta auna yarinyar ta ce kwanciyar ɗan ba daidai take ba, kada a nisanta ta da asibiti. Ta ce ba hana ni al'ada za ta yi ba, in tattaro kayana in zo, ta ware mini ɗaki a gidanta, in yi wa 'yata duk abin da uwa ke yi.

Wallahi magana ce mai kyau, kuma cikin ladabi ta yi ta. Amma sai na ji kamar ta mare ni. Na ce mata Hajiya, bakwai na haifa a ɗakin nan da kike kallo, uku daga ciki ruwa na kaɗawa a bayan danga, ba wanda aka kai ni gaban mai farin kaya. Ko so ake a ce ban iya riƙon 'yata ba? Na kuma ce in na tafi wa zai kula mini da awaki. Ta dube ni ta ce awaki kuma, 'yar'uwa? Daga nan ta yi sallama ta tafi. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, ba na son kwana a gidan wani, kuma ba na son matan da na yi wa shewa su ga ni ce na fara kai 'yata wa baƙi.

Maigidana ya ce in sake tunani, ruwan bana da alama zai yi yawa. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, abinci ma sai in ajiye in juya baya, har ya gaji ya ce in yi yadda na ga dama. Shi kuwa mijin 'yata, kunyar suruka ba ta bar shi ya yi gardama da ni ba. Ya kawo ta saura 'yan kwanaki hanya ta nutse. Ita kanta sau ɗaya ta yi magana. Muna ɓare gyaɗa ta ce, kanta a sunkuye, Inna, malamar ta ce in na ji ciwo kada in jira. Na ce mata ke dai ci abincinki, ciwon haihuwa ba a kanki aka fara shi ba.

Ruwa ya zo, kuma ya fi na kowace shekara. Ya hau gonakin shinkafa tun ba ta gama nuna ba, maza suka koma fita tun asuba da kwalekwale uku da muke da su, suna yankan kan shinkafar da bai nutse ba. Ga kuma kacala, wannan doguwar ciyawar ruwa da ta addabe mu, ta toshe gajeriyar hanyar da ake bi zuwa babban tudu.

Ranar wata Alhamis da hantsi na ga 'yata ta dafa turmi ta tsaya. Ba ta ce komai ba, don yarinya ba ta faɗa wa uwarta tana naƙuda. Amma ni da kunnena ke kama ƙaramar magana daga gida na uku, na ji numfashinta ya sauya, na kuma gane. A nan ne ya kamata in tuna da maganar malamar, in sa a kira maza. Sai na yi abin da aka saba, na kawar da kai kamar ban gani ba, na aika a kira tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garinmu. Aka ba ta rubutu ta sha, aka ba ta jiƙo. Ranar ta wuce. Washegari maza suka sake fita da jirage duka, ina kallo ban hana ba, don a raina cewa nake kafin su dawo za su tarar da jariri. Wajen azahar tsohuwar ta fito, ta ja ni gefe ta ce abin nan ya fi ƙarfinta, hannun ɗan ne ya riga kai fitowa.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan lokacin ba. Na fito na duba gabas da yamma, ruwa ne kawai da ciyawa. Tudun da nake alfahari da shi, ranar na ga ƙanƙantarsa, ko taku ɗari biyu ba za ka yi ba ka kai ƙarshensa. Wata maƙwabciyata ta hau kan suri, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, ta kira mijin yarinyar. Ya ce ga shi nan da jirgi mai inji, amma mai jirgin ya ce ba zai iya shiga kacala ba, za ta naɗe masa farfela, sai dai mu fito mu same su a fili. Mata suka tsaya a bakin ruwa suna buga kwanuka suna kiran maza. Da maigidana ya iso, jirginsa cike da shinkafar da ya yini yana ceto, bai tambayi kowa ba, ya kife ta duka a ruwa. Muka shimfiɗa tabarma muka kwantar da yarinyar.

Shi da ƙanensa suka riƙa tura jirgin da gora. Inda ciyawa ta yi kauri sai su sauka, ruwa iya ƙirji, su sara da adda su ja jirgin da hannu. Ni ina zaune kanta a cinyata, hannu ɗaya ina riƙe da ita, ɗaya ina kwashe ruwan da ke shigowa da ƙoƙo. Abin da ya fi ci mini rai, tun da muka tashi ina hango hasumiyar masallacin babban tudu, tana nan a gabanmu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma har la'asar ta yi sanyi ba mu fita daga ciyawar ba. A tsakiyar hanya ta buɗe ido ta ce Inna, ki yafe mini, na wahalar da ke. Ranar na fara kiran sunanta da bakina. Na yi ta kira ba na ko jin kunyar babanta, ina ce mata kada ta yi barci.

Muka sami jirgi mai inji, ya kai mu babban tudu. Malamar asibiti ta duba ta, ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce sai Haɗeja, yanzu-yanzu. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi, yaushe ta fara? Na ce jiya da hantsi. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. A Haɗeja aka yi mata aiki aka ciro ɗan, namiji, babu rai. Likita ya ce da an kawo ta tun ranar farko, da akwai kyakkyawan zaton a same su duka biyu. Ita Allah Ya bar mini ita, amma ta fito da yoyon fitsari, ta yi watanni tana ɓuya daga mutane kafin a sake yi mata aiki a gyara.

Uwar mijinta har yau ba ta taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Ita ke kawo mana abinci a asibiti. Da aka sallame mu, hanyar garinmu har lokacin a rufe take, sai ta buɗe mini ɗakin nan da ta yi mini tayi tun farko, a share, da sabuwar tabarma. A cikinsa na yi jinyar 'yata kwana arba'in, ba jariri. Itacen da na tara tun rani kuwa, ruwa ne ya tafi da shi. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na san rai da ajali na Allah ne, kuma mutane sun yi ta faɗa mini haka don in samu natsuwa. Amma na san abin da aka gaya mini, na kuma san abin da na zaɓa. Na sha tuna mutanen ɗan tsibirin nan da na yi wa dariya. Ashe ba raina garinsu suka yi ba. Suna son sa kamar yadda nake son nawa, sai dai sun san iyakarsa, sun san abin da yake da shi da abin da ba shi da shi, ba sa jira sai ranar tsanani su gwada. Ƙaramin wuri yana da daɗin zama muddin kowa lafiya lau yake. Ni na ji rabin labarin da ya yi mini daɗi na riƙe, na yi wasa da rabin da zai cece ni.

Yanzu shekara biyu ke nan da 'yan watanni, kuma 'yata tana da wani cikin. Likita ya ce wannan karon a asibiti kawai. Daga Haɗeja nake rubuto muku, a gidan wata 'yar'uwar maigidana, inda muka tare ni da 'yata tun watanta na takwas bai kama ba. Na zo da tukunyata da rediyona. Awaki suna hannun maƙwabciya, kuma ban ko tambayi lafiyarsu ba. Ƙarar Keke Napep ba ta bari in yi barcin rana, ban san kowa a layin ba, amma daga ƙofar gidan ina ganin katangar asibiti, kuma ba ruwa a tsakaninmu.

Iyaye mata 'yan'uwana, musamman mu na cikin fadama, ban ce ku bar al'ada ba. Wankan jego da kunun kanwa ba su san gari ba, duk inda uwa take za ta iya yin su. Idan ma'aikatan asibiti suka ce a zauna kusa, ku ɗauki tukunyarku ku bi 'yarku tun hanya tana buɗe. Kuma idan kun ji numfashinta ya sauya, kada kunya ta sa ku kawar da kai. Ku sa mana ita a addu'a, Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba ni jikan da zan goya.