Baka Biyu da Bakin Ruwa

Da haruffan Larabci aka raine ni a ƙauyenmu na gabas da Rufa'a, daga allo har sakandare. Hannuna ya saba tashi daga dama. Shi ya sa da aka ɗauke ni gwajin koyon kwamfuta a wani ofishi a Madani, cikin shekarun saba'in, baka biyu, alamun nan da ake saka lissafi a tsakaninsu, suka zame mini ƙarfen ƙafa. Inda ake son na buɗewa, sai in ɗora na rufewa.

A kan kati ake huda umarni a lokacin, kuma na'urar ba ta san uzuri ba. Baka ɗaya ya juya, ta watso maka katunanka. Malaminmu ya ce mini, "Halas, shi ke nan! In ta sake mayar da naka, ka koma noman auduga." Na ji tsoro ƙwarai, don Inna ta riga ta cika ƙauye da labarin ɗanta afandi ne, wato ma'aikacin ofis.

Akwai wani abokin gwajina ɗan birni mai cusa lissafi duka a layi ɗaya, baka na hawan baka kamar buhunan dawa, yana kiran wannan gwaninta. Ni kuwa yana ce mini mai rubutu da baya.

Ran Juma'a na je gida, na taya Baba ban ruwa a hawasha, wato gonar da aka yanka masa. Ina tsaye cikin taɓo na lura da abin da nake yi tun ina yaro: babbar kwata ta ba ƙarama ruwa, ƙarama ta ba kunya, kuma wadda ka buɗe a ƙarshe ita kake fara toshewa.

Haka na tsara aikina ranar gwaji. Kowane bakan buɗewa na ba shi katinsa, na ciki ya matsa gaba kaɗan, na rufewa ya zauna daidai ƙarƙashin ɗan'uwansa. Wanda ya juya, daga nesa ido zai kama shi. Ɗan birni ya yi dariya, wai ɓarnar kati. Na'ura ta haɗiye nawa ba tari, nasa ta tofo shi, ya yini yana ƙirga baka da tsinin biro. Daɗi kamar ya kashe ni. Aka ba ni aikin.

Da na koma gida Baba ya ce, "Ya waladi, ɗana, mi kaka yi can takamaimai?"

Na ce, "Buɗewa da toshewa, Baba."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Na kai ka birni don ka huta da ban ruwa, ashe shi za ya ci da kai!"