Kayan da Ba Wanda Ya Ɗora Masa

Baban yara ya tafi hawan dutse ya bar min ƙarya in riƙe masa, kuma har yau ban ce ya kyauta ba. Tafiyar kanta ba ta dame ni ba. Ƙafarsa ce, hutunsa ne, cefane kuma ya bari har da ragi. Abin da na ƙi shi ne maganar da ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa min ƙasa-ƙasa, ranar Alhamis da sassafe.

"In Inna ta kira, ki ce na tafi tashar jirgin ruwa, kwantena ta maƙale."

Na ce, "Wace kwantenar?"

"Kwantena dai. Ai kin san yadda ake faɗa."

"Ban sani ba. Ban taɓa ganin kwantena ta maƙale ba."

Ya juya wajen babbar 'yarmu, tana tsaye da kofin shayi, ya ce, "Kin ji ko? Abba ya tafi aiki." Yarinya ta gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ne ya fi min ciwo. Ya sunkuci jakarsa ya sauka.

Muna zaune a unguwar Hor Al Anz a Dubai, ɗaki biyu a cikin filat ɗin da muke haɗa kicin da wani ɗan Maraɗi da matarsa. Baban yara yana aiki a wani ofishin kago a Deira, inda 'yan kasuwarmu na Kano ke kai kayan da suka saro a auna a tura musu gida. Aikinsa zama ne a cikin sanyin na'ura tun safe har dare. Da suga ya kama shi, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya gwada zagaya unguwa ya ce kamar jakin niƙa yake jin kansa. Sai wani abokin aikinsa ɗan Nepal ya ja shi duwatsun da ke bayan Ras Al Khaimah a lokacin sanyi. Da farko su je su dawo a yini. Daga baya suka fara kwana, har ya kai su yi kwanaki suna ratsa kwazazzabai, kowa da ruwansa da abincinsa da tantinsa a baya, babu gari, babu sabis na waya.

Ni na ga abin da tafiyar ke yi masa. Mutumin da ke juyi a kan gado kamar ana gasa shi, in ya dawo daga dutse sai ya yi barci irin na jarirai. Ya daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba. Ni ce ma nake haɗa masa guzuri: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, gari da 'yar gyaɗa. Ya ce abokan tafiyar har layi suke yi wa dambun.

Amma duk Bahaushen da ke garin nan ba wanda ya sani. Jakar goyon nan tasa, mai tsawo kamar yaro ɗan shekara biyar, a cikin babbar jakar bako, irin mai zif ɗin nan ta 'yan kasuwa, yake cusa ta ya zuge, ya ɗora saman wadrob. Ranar tafiya da jallabiya yake fita, ya rungumi bakon kamar mai kai kaya ofis, sai ya shiga motar abokan nasa sannan ya sake shiga.

Na san dalili. Kafin Allah ya buɗa masa, dako ya yi a Kantin Kwari. Dilolin atamfa da shadda ya ɗauka a ka da kafaɗa tun yana saurayi, bayan rasuwar mahaifinsa. Inna, mahaifiyarsa, in tana ba da labarinsa, ba ta cewa ɗanta yana Dubai. Cewa take yi, "Yaron nan ya sauke kaya." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, amma wannan maganar kowa a gidansu ya haddace ta. To ka ce wa irin wannan uwa ɗanta ya sake goya kaya yana hawa dutse, ba aike ba, ba biya ba. Haka nan abokansa na majalisar shayi a Deira, waɗanda in ɗayansu ya sayi katan biyu sai ya kira mai kura. Da sun ji, sun samu abin dariya na shekara.

Na fahimci wannan duka. Fahimta dai ba ta sa na yarda ba, don ni ma na taɓa ɓoye jaka.

Ina da 'ya'ya biyu na fara riƙe biro. Makarantar manya ce ta yamma a unguwarmu a Kano. Littafina a leda nake sa shi in tura ƙarƙashin hijabi, in na haɗu da matan layinmu in ce dubiya za ni. Sai da na yi dubiyar da ta isa a ce rabin garin na kwance. Wata rana baban yara ya dawo daga kasuwa da jakar makaranta baƙa, ya ajiye a gabana ya ce, "Ki rataya ta a waje. Sata kika yi?" Na rataya. An yi dariya, wata har ta tambaye ni ko a ba ni kuɗin tara. Bayan wata biyu dariyar ta ƙare, biyu daga cikin masu yin ta suka biyo ni aji. Da wannan karatun nake rubuta abin da kuke karantawa. To mutumin da ya yi min haka shi ne yau yake cusa tasa jakar a bako.

Ranar Alhamis ɗin ta wuce lafiya. Matar ɗan Maraɗi ta tambaye ni a kicin, tana yanka albasa, "Maman yara, ban ji motsin Alhaji ba."

Na ce, "Ya yi tafiya."

"Ina kuma?"

"Miyarki na kamawa."

Ta juya wajen tukunya, ni kuma na fice. Ba ƙarya na yi ba, amma ban ji daɗin kaina ba.

Ranar Juma'a aka tashi da hadari. A garin nan ruwan sama baƙo ne, yara har murna suke yi su leƙa taga. Ni ban yi murna ba. Shi da bakinsa ya taɓa gaya min cewa abin tsoro a can ba maciji ba ne, ba faɗuwa ba ne, ruwa ne. Ya ce dutsen ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a sama kwazazzabo yake bi ya gangaro gaba ɗaya, mutum na tsaye a busasshen wuri sai dai ya ji ƙugi. Kafin azahar saƙon gargaɗi ya shigo wayoyinmu, a nisanci kwaruruka. Na kira shi, a kashe. Na sake kira, duk da na san ba sabis. Na dafa shinkafa na manta gishiri.

Inna takan kira duk Juma'a in an sauko daga masallaci a Kano, lokacin mu nan rana ta kusa faɗuwa. Ƙanwarsa ce ke riƙe mata wayar, mu ga juna. Ta kira kuwa. Babbar 'yata ta ɗauka, aka gaisa, aka tsokani auta, Inna ta ce masa mijin nata ya yi ƙiba ba za ta iya ciyar da shi ba. Sannan ta ce, "Ina mai gidan?"

Yarinya ta kalle ni, ta kalli waya, ta ce, "Abba ya tafi aiki. Tashar jirgin ruwa." Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Inna ta ɗaga hannu. "To Allah ya tsare shi a tashar nan. Allah ya raba shi da sharrin ƙarfe da na injin, ya fito masa da kayan mutane lafiya."

A nan na karɓe wayar. Ina jin ruwa na dukan gilashin taga, ɗanta yana cikin kwazazzabo, ita kuma tana aika addu'arta inda ba ya nan. Na san Allah ya san inda yake, ba sai an yi masa kwatance ba. Amma uwa na da haƙƙin ta san abin da take roƙa wa ɗanta.

Na ce, "Inna, ba ya tasha. Yana kan dutse, a daji, shi da abokansa. Ana ruwa a can, wayarsa ba ta shiga. Ki yi masa addu'ar ruwa."

Ta matso da fuskarta har ba na ganin komai sai goshinta. "Dutse? Me ya kai shi?"

"Tafiya suke yi a ƙasa. Su kwana a tanti."

"An kore shi daga aikin ne, kuke ɓoye min?"

"Aikinsa na nan. Likita ne ya ce ya riƙa tafiya, shi kuma can yake so."

"Tantin wa ke ɗaukar masa?"

"Shi. A baya yake goyawa, da ruwa da abinci."

"Nawa ake ba shi?"

"Ba a ba shi komai, Inna."

Na ji ƙanwarsa ta ƙyalƙyale da dariya a gefe, sai kuma ta haɗiye. Inna ba ta yi dariya ba. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Da hannun nan na gasa masa kafaɗun nan. Kullum ya dawo daga Kwari sai na dafa ruwa na sa tsumma. Fatar wajen har ta yi kanta. Na roƙi Allah ya nuna min ranar da zai sauke, ya nuna min. Ashe shi bai ƙoshi ba."

Na ce, "Ki dai yi masa addu'a."

Ta ce, "Sai kin gaya min?" Ta ce wa 'yarta ta kashe wayar.

Da aka kashe, babbar 'yata ta ce, "Umma, Abba fa ya ce..."

Na ce, "Na ji abin da ya ce. Ni zan amsa, ba ke ba. Daga yau in aka ce ki faɗa wa kakarki abin da ba shi ne ba, ki ce a tambayi uwarki."

Asabar ruwa ya ɗauke. Da yamma saƙonsa ya shigo daga wani tudu da ya samu sabis: suna lafiya, tun da suka ga hadari suka haye sama suka zauna. Na tura wa ƙanwarsa ta karanta wa Inna. Shi ban gaya masa komai ba, don ba maganar waya ba ce.

Ya dawo Lahadi bayan la'asar, da jallabiyarsa da bakonsa, fuska ta ƙone, yana ɗan ɗingishi, yana ta fara'a. Ya kawo wa auta wani farin dutse mai santsi. Ya zauna yana ba su labarin awakin da suka biyo su suna neman ƙuli-ƙuli, da yadda ɗan Nepal ya ce shi ke nan, shi daga yau ba ya tafiya sai da dambun madam. Na bar shi ya sha ruwa, ya yi wanka. Ina shirin buɗe baki ke nan ya kunna saƙonnin muryar da suka taru masa. Na Inna ne a sama.

Ya saurara a tsaye. Ya ce yara su shiga ɗaki.

"Me na ce miki?"

"Ka ce in yi wa mahaifiyarka ƙarya."

"Na ce ki rufa min asiri!"

"Asirin me? Giya ka je sha? Mace ka ajiye a dutsen?"

"Ba ki san abin da matar nan ta sha a kaina ba."

"Na sani, ta gaya min. Ka san abin da 'yarka ta yi? Ta kalli kakarta ido cikin ido ta ce kana tasha, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kai ka koya mata. Gobe in ta yi maka, kada ka tambaye ni inda ta samo."

Na ce, "Wa ya ce min in rataya jakata a waje?"

Ya ce, "Wannan daban."

"Da me ya bambanta?"

Ya ɗauki waya ya fita matattakala, ya daɗe yana magana da Inna. Ban bi shi na saurara ba. Da ya shigo idonsa ya yi ja. Ya ce ba ta hana shi ba, cewa kawai ta yi in ya dawo gida hutu ya nuna mata kafaɗun. Ya ɗaga bakon, da jiƙaƙƙen tantin da komai a ciki, ya cilla saman wadrob.

"Shi ke nan ai. Kin huta. Ba zan sake zuwa ba."

Na ce, "Ban ce ka daina ba."

Ya ce, "Ni na ce." Abincin ma bai ci ba.

Wannan ba shi na nema ba. Na san in ya daina, juyin nan a kan gado zai dawo, da tsawar, da sugan. Kuma zai riƙa kallona a matsayin wadda ta raba shi da abu ɗaya da ya zaɓa wa kansa a garin nan. Ƙaryar nake so ta mutu, dutsen kuwa ya ci gaba da hawa abinsa.

Washegari da ya fita aiki, yara suka tafi makaranta, na taka kujera na sauko da bakon. Tantin har ya fara warin ruma. Na wanke shi a banɗaki, na goge jakar da soso, na kakkaɓe jar ƙasar da ke cikin takalman hawan dutsen nasa. Barandarmu titi take kallo, titin da mutanenmu ke bi zuwa masallaci da tashar metro. Na baza tantin a kan ƙarfen barandar, launin ruwan lemo ne da shi, ana hango shi tun daga kwanar titi. Na rataya jakar a gefensa, na jera takalman a ƙasa. Bakon kuwa na kai shi kicin na zuba albasa a ciki.

Matar ɗan Maraɗi ta leƙo da ɗanta a goye. "Ikon Allah! Maman yara, wannan kuma na wane ne?"

Na ce, "Na Alhaji ne. Hawan dutse yake yi, a bayansa yake goya su. Riƙe min nan gefen, iska na son ɗauka."